Ku Daina Koya Wa Yara Cewa "Na Ƙarshe Ne Ke Ci"



Darasinmu na yau da ɗan zafi zai zo, ku yi haƙuri. Akwai wata magana da ke yawo tsakanin masu koyon kodin a waya, ana ta miƙa ta daga guruf zuwa guruf kamar goron ɗaurin aure. Wai idan ka zuba mojul biyu a cikin aji ɗaya, kuma kowanne yana da metod mai suna iri ɗaya, to "na ƙarshe ne ke ci". Shi kenan, a haddace, a wuce darasi na gaba.

Jama'a, wannan magana ba doka ba ce. A wani yaren kwamfuta gaskiya ce, a wani ƙarya ce tsagwaronta, a wani kuma tana iya juyewa saboda waƙafi guda ɗaya tak. Duk malamin da ya koyar da ita bai faɗi yaren da yake nufi ba, ya ba ɗalibinsa wuƙa ne ba kube.

DA FARKO, MU FAHIMCI KALMOMIN

Aji shi ne abin da ake rubutawa class a cikin kod, wato tsarin da ake ƙera abubuwa da shi. Metod aiki ne da aka raɗa wa suna, idan ka kira sunan sai aikin ya gudana. Mojul kuwa ƙunshin ayyuka ne da wani ya riga ya rubuta, kai kuma ka ɗauko ka gauraya shi da ajinka don kada ka sake rubutawa daga farko.

Matsalar tana tasowa ne idan ƙunshi biyu suka zo da aiki mai suna ɗaya. Ka kira sunan, wa zai amsa?

MISALI DAGA GIDA

A ce wani matashi a Haɗejia zai haɗa wa ƙungiyar manoman shinkafa 'yar manhajar da za ta riƙa tura musu saƙo a waya. Ya samo mojul ɗaya mai tura gargaɗin ambaliya, ya samo wani mai tura farashin kasuwa. Mutum biyu daban suka rubuta su, ba su san juna ba, kuma kowanne ya sa wa aikinsa suna sanarwa. Ga shi a yaren Ruby:

module Ambaliya
  def sanarwa
    "Ruwa yana zuwa, a kwashe kaya"
  end
end

module Kasuwa
  def sanarwa
    "Ga farashin shinkafa na yau"
  end
end

class Sako
  include Ambaliya
  include Kasuwa
end

puts Sako.new.sanarwa

Me zai fito? "Ga farashin shinkafa na yau". Gargaɗin ambaliya ya ɓace. Kuma abin da ya fi muni, Ruby ba zai yi maka ko tari ba. Babu jan rubutu, babu kashedi, manhajar za ta tashi lafiya lau, mai ita ya ɗauki hoton fuskar waya ya ɗora a sitatus yana alhamdulillahi.

Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022, ya ga yadda mutanen Haɗejia suka riƙa cika buhuna da ƙasa suna tare jinga dare da rana, ya ga gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kiri Kasamma sun koma tafki, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Saƙon da ya kamata ya ce wa manomi ya kwashe buhunansa, ya zo yana ba shi labarin farashi.

Masu hadda za su ce, to ai ka gani, Kasuwa ce ta ƙarshe kuma ita ta ci, maganarmu ta tabbata. Ku dakata tukuna.

WAƘAFI ƊAYA YA RUSA DOKAR

A cikin wannan Ruby ɗin dai, kada ka canza komai, ka haɗa layukan nan biyu su zama ɗaya:

class Sako
  include Ambaliya, Kasuwa
end

Yanzu sake gwadawa. Abin da zai fito shi ne "Ruwa yana zuwa, a kwashe kaya". Ambaliya ce ta farko a rubuce, kuma ita ta ci. Yare ɗaya, mojul iri ɗaya, jeri iri ɗaya, amsa ta juye. Dalili kuwa, idan ka jera su a layi ɗaya, Ruby yana fara shigar da su ne daga dama zuwa hagu, sai ta hagun ta zamo a gaba.

To ina "na ƙarshe ne ke ci" ta tafi?

Gaskiyar abin da ke faruwa ita ce, kowane aji yana da layi, kamar layin da ake bi a gidan mai. Idan ka kira metod, kwamfuta tana fara tambaya daga gaban layi: kana da wannan suna? Wanda ya fara cewa ina da shi, shi za a ba aikin, sauran na baya ko a tambaye su. Ba zaɓe ake yi ba, ba kuma sa'a ba ce. Layi ne kawai. Kuma layin ba a ɓoye yake ba, kana iya ganinsa da idonka:

p Sako.ancestors

A rubutun farko za ka ga Sako, Kasuwa, Ambaliya, Object, Kernel, BasicObject. A na biyu za ka ga Sako, Ambaliya, Kasuwa, sannan sauran. Layi ɗaya na kod ya ba ka amsar da hadda ba za ta taɓa ba ka ba.

Ka lura ajin kansa, wato Sako, shi ne a gaba. Ma'ana idan ka rubuta sanarwa a cikin ajin da hannunka, naka ne zai yi aiki, mojul duka biyu su koma baya. Amma ko wannan kada ka mayar da shi hadda. Tun Ruby 2.0 da ya fito a 2013 akwai kalmar prepend. Idan ka sa ta a madadin include, mojul ɗin zai tsallake ya tsaya gaban ajin kansa, ya danne abin da ka rubuta da hannunka.

A PYTHON KUMA, ABIN A JUYE YAKE

Masu koyo da yawa a nan da Python suke farawa, don Pydroid 3 tana sauka a waya ba wahala. To ga misalin namu a Python:

class Ambaliya:
    def sanarwa(self):
        return "Ruwa yana zuwa, a kwashe kaya"

class Kasuwa:
    def sanarwa(self):
        return "Ga farashin shinkafa na yau"

class Sako(Ambaliya, Kasuwa):
    pass

print(Sako().sanarwa())
print(Sako.__mro__)

A nan Ambaliya ce za ta amsa, don Python daga hagu yake farawa. Yaron da aka cusa wa "na ƙarshe ne ke ci" zai ɗauki abin da ya fi muhimmanci ya kai shi ƙarshe da gangan, yana ganin ya ba shi ƙarfi, alhali ya binne shi ne da hannunsa.

Na san wani zai ce, to shi kenan, a Python sai mu haddace "na hagu ne ke ci". A'a malam, kada ka fita daga rami ka faɗa rijiya. A ce Kasuwa da Ambaliya duk daga wani aji suka fito mai suna Tushe, wanda yake da tasa sanarwa. Kasuwa ba ta rubuta tata ba, gado kawai ta ci daga Tushe. Ambaliya kuwa ta rubuta tata. Sai ka rubuta class Sako(Kasuwa, Ambaliya). Kasuwa ce a hagu, amma Ambaliya ce za ta amsa, don layin zai kasance Sako, Kasuwa, Ambaliya, sannan Tushe. Python ba ya yarda uba ya shiga gaban ɗansa a layi.

Wannan tsari sunansa C3. An fara tsara shi ne don wani yare mai suna Dylan a 1996, Python kuma ya ɗauke shi a sigar 2.3 a 2003. Ƙa'idojinsa da ya kamata ka riƙe biyu ne: ɗa yana gaban ubansa, sannan jerin da ka rubuta daga hagu zuwa dama ba a rusa shi. Idan ka rubuta jerin da ba zai yiwu a cika duka biyun ba, misali ka sa uba a hagun ɗansa, Python zai ƙi ƙirƙirar ajin gaba ɗaya, ya ba ka TypeError.

SAURAN YARUKA FA?

Masu haɗa manhajar waya da Flutter, yarenku Dart ne. A can idan ka rubuta with Ambaliya, Kasuwa, ta dama ce ke ci. Wato kishiyar Python kenan, kuma kishiyar layi ɗayan nan na Ruby, duk da a ido rubutun kusan iri ɗaya ne.

Java, tun da sigar 8 ta zo a 2014 da damar rubuta cikakken metod a cikin interface, ba ta zaɓar maka. Idan biyu da ba su da alaƙa da juna suka zo da suna ɗaya, kod ɗin ba zai haɗu ba sai ka rubuta naka ka faɗi wanda kake so. Kotlin, da ake haɗa manhajojin Android da shi, shi ma haka. PHP kuwa, da ya kawo trait a sigar 5.4 a 2012, tsayawa yake cak, sai ka yi amfani da insteadof ka ce wannan nake so a madadin wancan, sannan idan kana so ka ƙara da as ka raɗa wa ɗayan sabon suna.

Ku ƙirga da kyau. Yaruka shida, amsa kala uku: wasu dama, wasu hagu, wasu kuma su ce ba ruwansu sai ka yanke hukunci da kanka. Wane irin malami ne zai tattara wannan duka ya ce doka ɗaya ce?

KADA WANI YA CE WANNAN LISSAFIN BANZA NE

Ga misali daga duniyar aiki. Django, wanda ake gina shafukan intanet da shi a Python, yana da wani ƙunshi mai suna LoginRequiredMixin. Aikinsa ya hana mutum buɗe shafi sai ya shiga da sunansa da kalmar sirri. Littafin bayanin Django da kansa ya ce a sa shi a can farkon hagu:

class Bayanai(LoginRequiredMixin, View):

Idan ka juya su, ka sa View a hagu, shafin zai buɗe sumul, ba wani kuskure da zai fito. Amma binciken nan na waye kai ba zai gudana ba. Dalili: su biyun duk suna da metod mai suna dispatch. Idan View ne a gaba, shi zai amsa, kuma ba ya miƙa aikin ga na bayansa. Mai gadi yana nan, an biya shi albashi, amma an ajiye shi a bayan gida, ƙofa kuma a wangale.

Yanzu ka ɗauka shafin nan na sakamakon jarabawar ɗalibai ne, ko na kuɗin adashen 'yan kasuwar kifi, ko na lambobin wayar mambobin ƙungiya. Kai da kake gwadawa kullum a shige kake da sunanka, don haka ba za ka taɓa lura ba. Wanda zai lura shi ne wanda ba ka so ya lura.

Mu mutanen bakin kogi ai mun san irin wannan ɓarna. Ruwan da ke taho mana daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, idan ya wuce Haɗejia rabuwa yake yi. Da kacalla da yashi suka toshe tsohuwar hanya, ruwan bai tsaya ya yi ƙara ba, bai nemi izinin kowa ba. Hanyar da ya samu a buɗe ya bi, ya karkata Marma wajen Nguru, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Kira a cikin kod haka yake. Ba ya tsayawa don ka yi kuskure, ƙofar farko da ya samu ita zai shiga, kai kuma sai ka ga sakamako daga baya.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na ɗaya: "Ai tunda ya yi aiki, shi kenan." Wannan ita ce maganar da ta fi kowacce cutar da mai koyo. Duk misalan da na kawo a sama sun yi aiki. Manhajar da ta aika farashi a madadin gargaɗi ta yi aiki. Shafin da ya bar ƙofa a buɗe ya yi aiki. Tashin manhaja daban, yin abin da ka nufa daban.

Na biyu: "Wannan na manya ne, kada a rikita 'yan koyo." To me ya fi rikita yaro, a nuna masa layi ɗaya da zai buga ya ga jerin da idonsa, ko a ba shi dokar da za ta yaudare shi ranar da ya sauya yare? Koyar da ancestors ko __mro__ ba ya cin minti biyar. Ɗalibin da ke Binyaminu Usman Polytechnic ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wanda zai tsaya gaban malamai ya kare aikinsa na ƙarshe, ya cancanci a gaya masa gaskiya tun ranar farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na uku: "Ai sai in tambayi ChatGPT ya rubuta min." Madalla, tambaye shi. Amma abin da ka nuna masa shi zai gani. Idan ka kwafo mojul ɗaya yau, ka kwafo wani bayan sati biyu a wata hira daban, ba shi da labarin cewa sunayensu sun yi karo a cikin wayarka. Kai ne ka haɗa su, kai ne za ka duba. Ranar da abu ya lalace kuma, mai ƙungiya ba manhajar zai kira ba, lambarka zai nema.

Na huɗu, wannan daga ɗaya ɓangaren yake: "To a daina gauraya mojul mana gaba ɗaya, a huta." Masu wannan ra'ayi suna da ɗan abin kamawa, don aji ɗaya mai mojul goma sha biyu tashin hankali ne ga duk wanda zai gaje shi. Amma gudu ba zai yiwu ba. Ruby kansa a kan mojul yake tsaye, Comparable da Enumerable duk mojul ne, har puts ɗin da muka buga a sama daga Kernel ya fito, wanda kuka gani a cikin layi. Django da Flutter cike suke da su. Ko ba ka rubuta naka ba, za ka yi aiki da na wasu.

ABIN DA YA KAMATA A KOYAR

Abin ban haushi shi ne, Bahaushe ya daɗe da warware wannan matsala a gidansa. Magidanci ya sa wa 'ya'yansa huɗu Muhammadu, idan ya tsaya a tsakar gida ya ce "Muhammadu!" wa zai taso? Shi ya sa muke da Auwalu da Sani da Salisu da Rabi'u. Ba a bar abin ga sa'a ba, an ba kowa abin da zai bambanta shi. To haka za ka yi wa kod ɗinka:

1. Idan kai ne mai rubuta mojul, ba wa ayyukanka suna mai fayyacewa. Rubuta sanarwar_ambaliya da sanarwar_farashi. Sunaye irin su aika, duba, ajiye, lissafa, su ne suka fi yin karo, don kowa su yake fara tunawa.

2. Duk lokacin da ka ƙara mojul a aji, buga layin ka gani. A Ruby, Sako.ancestors. A Python, Sako.__mro__. Idan kana son sanin takamaiman wanda ke amsa wani suna a Ruby, rubuta Sako.instance_method(:sanarwa).owner, zai faɗa maka sunan mai shi kai tsaye.

3. Idan mojul ɗin na wasu ne, ba za ka iya canza sunayen ba, to yanke hukunci da kanka a cikin ajin. A Python:

class Sako(Ambaliya, Kasuwa):
    def sanarwa(self):
        return Ambaliya.sanarwa(self)

    def farashi(self):
        return Kasuwa.sanarwa(self)

Yanzu ko wani ya zo bayanka ya juya jerin, gargaɗi zai ci gaba da fita a matsayin gargaɗi.

4. Ka fahimci super da kyau. Da yawa suna ɗauka ma'anarsa "kira ubana". Ainihin ma'anarsa ita ce "miƙa wa na bayana a layi", kuma na bayan nan yana iya zama mojul ɗin da ba su haɗa komai ba. Idan kana son duka biyun su yi aiki ɗaya bayan ɗaya, dole na gaba ya kira super. Idan bai kira ba, a nan layin ya tsinke, kamar yadda muka gani a Django.

5. Gwada abin da kake tsoro, ba abin da kake fata ba. Fita daga asusunka ka gwada buɗe shafin. Kira gargaɗin ambaliya ka karanta saƙon da ya fito harafi bayan harafi.

GWADA YANZU A WAYARKA

Ba sai kana da laftof ba. Don Python, sauke Pydroid 3 daga Play Store, ka kwafa misalin sama, ka danna alamar kunnawa. Sannan juya Ambaliya da Kasuwa ka sake dannawa. Don Ruby, buɗe Termux ka rubuta pkg install ruby, ka ajiye kod ɗin a fayil mai suna gwaji.rb, sannan ka rubuta ruby gwaji.rb. Gwada include a layi biyu, gwada a layi ɗaya, gwada prepend. Masu Dart kuma su buɗe DartPad a burauza. 

Ga malamai masu buɗe ajin kodin a WhatsApp da Telegram suna karɓar kuɗin rajista, muna girmama ƙoƙarinku, don da yawa ta hannunku suka fara. Amma wanda ya karɓi kuɗin mutum don ya koya masa, amana ya ɗauka. Idan za ku ce na ƙarshe ne ke ci, ku faɗi a wane yare, a wane irin rubutu, sannan ku nuna wa yaro yadda zai duba da kansa. Idan ba za ku iya ba, gara ku tsallake babin da ku cika masa kai da abin da sai an sha wahala kafin a cire.

Wanda ya gwada, ya turo mana jerin da ya fito masa mu duba tare. Wanda kuma yake ganin akwai yaren da wannan hadda ke aiki a cikinsa ba togiya ko ɗaya, ya kawo kod ɗinsa, a buga a gani.

A tura wa duk wanda kuka san yana koyo. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya kuma tsare mana garuruwanmu da gonakinmu.